Mai Saka Gilashi a Manenberg

Sunana Ganief, gilashi nake sakawa.
Shekara talatin da ɗaya ina auna tagogin Manenberg,
na san faɗin kowace kamar yadda uwa ta san wuyan rigar ɗanta.
Dutse tauraro yake bari.
Harsashi kuwa ido ɗaya, ƙarami, mai tsabta,
in ka sa yatsa a ciki ka ji iskar teku.

Litinin, bene na uku, ɗakin Anti Merle.
Ta riga ta share ɓaraguzan cikin gwangwanin biskit,
ta ce in yi mata ragi,
tunda tagar nan ni na saka ta watan jiya.
Na rage. Jikarta na kwance a bahon wanka da littafin lissafi,
nan kaɗai bango ya yi kauri.

Talata na tsallaka titi, taku arba'in,
daga ƙasar Yaran Gada zuwa ƙasar Yaran Tanki.
Ba shinge, ba tuta,
sai takalmi ƙafa ɗaya a rataye a wayar lantarki.
Mu biyu ke wucewa ba a tambaye mu ba,
ni da mai ɗaukar gawa.
Wa zai harbi wanda ya rungumo gilashi?
Kansa zai fara gani a ciki.

An manta mafarin faɗan.
Wasu sun ce kare ne, wasu sun ce zagi,
wasu sun ce jakar ƙwaya ce ta ɓace a hanyar tashar jiragen ruwa.
Mai jakar yana can gindin Dutsen Tebur,
inda gilashi ya kai tsayin mutum uku
kuma ba abin da ke taɓa shi sai tsumman 'yar aiki.
Na taɓa yi masa kwangila.
Ta ƙofar baya aka miƙo mini shayi.

Laraba, shagon Warsame.
Ya biya Yaran Gada kuɗin tsaro, ya biya Yaran Tanki,
sai ga unguwa da duwatsu,
wai baƙo ya karya farashin burodi.
Cikin masu jifa har da mai cin bashin madara a wurinsa.
Ya ce, "Katako za ka saka mini, dattijo.
Na gaji da ganin waje."

Bayan layin dogo Nyanga ce.
Tun muna yara aka ce su ne baƙaƙe, mu ruwa biyu,
aka jera mu kamar fenti a kanti,
kowane gwangwani da unguwarsa.
Masu jerin sun tsufa, sun koma kamun kifi,
mu muka ci gaba da gadin layin, kyauta.

Daga can Siviwe yake zuwa, yaron aikina.
Hannunsa ya fi nawa natsuwa a kan abin yanka.
Alhamis ya tsallako da sassafe, abincinsa a leda,
yara biyu a keke ɗaya suka tambaye shi daga ina.
Ya buɗe baki, harshen uwarsa ya riga shi amsawa.
Wanda ke zaune a baya Cheslyn ne.
Ni na koya masa ɗaure igiyar takalmi.

Jumma'a bayan salla na tsallaka layin, karo na farko,
ina riƙe da ledar da hularsa.
Ma'aunina na aljihu, don sabo,
amma tagar uwarsa lafiya lau take.
Ta ce shi ya saka ta, makon jiya, da guntun da na ba shi.
Na matsa kusa. Cikin ƙullun da ya riƙe gilashin
ga shatin babban yatsansa, a jere, har kusurwa.
Na taɓa ɗaya.
Bai gama bushewa ba.

Asabar da asuba waya ta yi ƙara.
Uwar Cheslyn ce, muryarta na rawa,
taga uku, in ji ta, kuma ana sanyi.
Na zauna bakin gado har shayina ya huce.
Sannan na tambaye ta,
na falo ne, ko na ɗakin yara?